Kujerun Birazil da Dajin da Ya Biya Kuɗinsu

Har zuwa shekarun 1930, attajirin birnin Rio de Janeiro in zai ƙawata falonsa, kujeru masu salon Faransa da Ingila yake nema: manya, masu nauyi, an lulluɓe su da karammiski. Kayan ƙasar sanyi ne a garin zafi da gumi.

Wanda ya fara sauya wannan al'ada shi ne Joaquim Tenreiro, haifaffen Fotugal, wanda ya gaji kafinta a gidansu. Ya shafe shekaru a Rio yana kwaikwayo wa masu kuɗi kayan Turai, kafin ya fito da tasa kujerar a 1942, wadda ya kira mara nauyi. A ayyukansa ya sirantar da ƙafafun kujera, ya kuma dawo da tsohuwar saƙa mai huji-huji irin ta kwando a mazauni da majingina, don iska ta riƙa ratsawa.

Sergio Rodrigues ya bi wata hanyar daban. Ya kafa kamfanin Oca a 1955, sannan a 1957 ya ƙera kujerar Mole, wato mai laushi: kakkauran katako, igiyoyin fata, da ƙaton matashi da ke zubowa ta gefe. Kujera ce ta wanda zai baje ya sha hira. A 1961 ta ci kyautar farko a gasar garin Cantù na Italiya. Ginin Brasília, sabon babban birnin da aka buɗe a 1960, ya ƙara buɗe kasuwa, domin sababbin ofisoshi na buƙatar kayan da suka dace da su.

To amma da wane katako? Yawancin fitattun kayan nan da jakaranda aka yi su, icce mai duhu da zane kamar an rina shi, wanda ke fitowa a dajin gaɓar Atlantika. Tun zamanin mulkin Fotugal ake saransa ana kaiwa Turai, masu ƙera gita ma na rububinsa, sai ga kafintocin zamani sun ƙara masa nauyi. A 1992 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin sabon katakonsa tsakanin ƙasashe.

A cikin masu sana'ar akwai wanda abin ya dama tun da wuri. José Zanine Caldas ya koma Nova Viçosa a jihar Bahia, inda ya riƙa sassaƙa kujeru da tebura daga kututturan da masu saran daji suka yasar, yana koyi da masu sassaƙa kwale-kwale. Ya kira su kayan tonon asiri.

Yau tsofaffin kujerun Tenreiro da Rodrigues sun zama kayan gwanjo masu tsada a Turai da Amurka. Wani ɓangare na tsadar gwanintar hannu ce. Sauran kuwa, iccen ne ya yi wuyar samu.