Baƙin Mai da Kanikawan Dogon Daji, Daga Zamanin Bedford Zuwa Motar Batir

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Layin dogon da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya ke nan har yau. Saboda haka duk kayan da suka fi ƙarfin jaki da raƙumi a ƙasarmu, mota ce ta ɗauke su. Hanyar da ta fito daga Sakkwato ta bi Boɗinga da Shagari, ta ratsa Dogon Daji da Tambuwal, ta wuce Aliero da Jega har Yawuri da Kwantagora, ita ta kawo mana sana'ar kanikanci. Mota ba ta zaɓen wurin lalacewa, kuma duk garin da take yawan tsayawa, ba a daɗewa sai ka ga wani ya kafa rumfa ya baje sifanu a bakin hanya.

Na shiga gareji ina yaro, a farkon shekarun 1980, wurin ƙanen mahaifina. Baffa, kamar yawancin kanikawan da na tarar, bai yi makarantar koyon sana'a ba. Yaron mota ne a da, ya bi Bedford mai bodin katako yana saka waigi yana ɗaure tamfol, har ya koyi kwance inji don dole, a daji, inda babu mai taimako. Abin da waɗannan mutane suka sani game da baƙin mai, injin da suka yi rayuwa da shi ne ya koya musu. Injin Bedford da na Marsandi 911 manya ne, suna juyawa a hankali, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafunansu tana da faɗi tun suna sababbi, balle bayan sun sha lodin gero da albasa a kan jar hanya. Irin wannan inji baƙin mai mai kauri yake so. In ka zuba masa marar kauri, da rana ta take sai allurar mai ta faɗi, inji ya fara ƙara.

Man da muka fi sani a lokacin shi ne mai lamba 40, cikin galan na ƙarfe, daga gidajen Mobil da Total da Texaco da Agip da AP da National. Baffa ba ya karatun boko, don haka da yatsa yake gwaji. Zai ɗiga mai a ɗan'ali, ya murza da babban yatsa, ya ware su a hankali yana kallon yadda zaren mai ke miƙewa. In ya tsinke da wuri sai ya ce, "Wanga ruwa na, ba shi riƙe inji." Ina faɗa da babbar murya cewa a zamaninsa gaskiya yake faɗi. Haka nan akwai wata ɗabi'a da ya dasa mana wadda ta fi gwajin yatsa muhimmanci: direba ba ya tada mota da safe sai yaronsa ya zaro geji, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya nuna masa, sannan ya duba ruwan lagireto. Yaron da ya manta wannan, ranar ya ji a jikinsa.

Ƙananan motoci sun yawaita bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa mota a Kaduna a 1975. Peugeot 504 ta zama motar ma'aikaci da ta haya, akori-kura 404 kuma ta zama ta kasuwannin ƙauye, daga Jabo da Sanyinna har Kebbe da Kuchi. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, a 1983 kuma sashenta na yin tushen baƙin mai ya fara aiki. Ɗanyen man Najeriya bai dace da wannan aiki ba, sai an shigo da mai nauyi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Saudiyya. A wannan zamani ne mai mai lamba biyu, 20W-50, ya zauna da gindinsa a garejinmu.

Lambobin nan ba ado ba ne. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ita ta fara tsara su tun 1911. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda mai ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100. Kowane mai yana tsinkewa in ya ji zafi, yana kauri in ya ji sanyi, kamar dai man shanu da safiyar hunturu da kuma tsakar ranar bazara. A wannan zafi na digiri 100, mai lamba 50 ya ninka mai lamba 20 kauri kusan sau biyu. Mu dai abin da muka ɗauka daga cikin wannan duka shi ne babbar lamba ta fi kyau, kuma Peugeot 504 ba ta ƙaryata mu ba.

Abin da ya ƙara kafe wannan imani shi ne talauci. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Aka koma ga motocin da Turai ta gama ci, waɗanda ake saukewa a tashar Kwatano, muka riƙa kiransu 'yan Beljiyam. Da yawansu sun zo da inji gajiyayye, suna fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa. Kwance inji da sake zobban fistin kuɗi ne, galan ɗin mai kauri kuwa araha ne, kuma yana rage hayaƙi a ranar. Dillalan mota sun gane haka, masu sayen ma daga baya suka gane. Sai kuma aka shiga cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, wai ta ƙasar sanyi ce. Matatar Kaduna ta yi ta tsayawa, man kwalba wanda ba a san asalinsa ba ya cika bakin hanya, wani tushen mai ne tsagwaronsa ba tare da sinadaran da ke wanke inji ba. Daga baya baburan Jincheng da Bajaj da injinan ban ruwa na fadama suka zo, su ma mai kauri suke sha. Yaron da ya buɗe ido a gareji cikin waɗannan shekaru bai taɓa ganin dalilin wani mai daban ba.

Can Japan kuwa wata hanya aka bi. A watan Disamba na 1997 kamfanin Toyota ya fito da Prius, motar da ta haɗa injin fetur da na lantarki mai batir. Irin waɗannan motoci ba su da yawa a ƙasar Tambuwal, amma tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, na ga yadda masu zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi suka fara tambayarsu. Kusan duk waɗanda ke iso mana tsofaffi ne, sun ci dubban ɗaruruwan kilomita a Amurka ko Turai kafin a ɗora su a jirgin ruwa. Ka buɗe gaban Prius ƙirar 2010 zuwa 2015, za ka ga an rubuta 0W-20 a kan murfin mai. A gwajin yatsan Baffa, wannan ruwa ne.

Sai dai injin nan ba ɗan'uwan na Bedford ba ne. Yana mutuwa yana tashi da kansa sau da yawa a tafiya ɗaya: in ka tsaya a shingen 'yan sanda ya mutu, in ka taka ya tashi nan take. Kowane tashi yana bukatar mai ya isa saman inji cikin ƙiftawar ido, ta hanyoyi matsattsu. Na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul da matsin mai take aiki. Zobban fistin sirara ne, ba sa matse bango da ƙarfi, an yi su haka don a rage shan fetur. Ga shi kuma a cikin gari injin ba ya daɗewa yana aiki balle ya yi zafi sosai, don haka mai kauri yakan yi yawancin aikinsa yana da nauyi. Masu cewa zafin Sakkwato ya wuce digiri 40 a watan Afrilu ba su yi ƙarya ba, amma inji mai lafiyayyen lagireto da fanka yana aiki ne a wajen digiri 90, a Dogon Daji yake ko a Landan.

To in ba rashin kauri ba ne, me ke sa tsohuwar motar batir shan baƙin mai? Mafi yawa zoben ƙasa na fistin ne, wanda aikinsa share mai daga bangon silinda ya mayar da shi ƙasa ta ƙananan ramuka. In aka jinkirta juye, ko aka zuba mai marar kyau, datti ya ƙone ya toshe ramukan, zoben ya manne, mai ya haura ya ƙone tare da fetur. Akwai kuma robobin bawul da ke bushewa don tsufa, da ɗan bawul ɗin da ke fitar da tururin cikin inji. Kamfanin Toyota da kansa ya fitar da sanarwa ga garejinsa na Amurka a 2011 kan injin lita 2.4 da ke cikin Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, har da mai batir. Ma'aunin da ya sa shi ne motar da ta sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, kuma maganin da ya rubuta shi ne sake fistin da zobbansa. Bai ce a ƙara kaurin mai ba.

Kwanakin baya wani malamin makaranta ya tsaya mini da irin wannan mota, fitilar mai tana walƙiya in ya sha kwana. Na zaro geji, ko ɗigo bai taɓa ba. Ya ce, "Baba, ai ban kai lokacin juye ba, kuma ba ta hayaƙi." Na ce, "Malam, yaushe rabonka da duba geji?" Ya yi shiru. Wani ya riga ya zuba masa 20W-50, ya tabbatar masa matsala ta ƙare. Injin nan lita huɗu da 'yan kai yake ci gaba ɗaya, salansarsa kuma tana da tukunyar da ke ƙone hayaƙi, ba lallai ka ga shuɗi a baya ba. Fitilar mai ba ta faɗa maka mai ya ragu, tana faɗa maka matsi ya faɗi ne, wato ɓarna ta riga ta kusa.

Abin da nake gaya wa masu irin wannan mota kaɗan ne. A fara da lambar da ke kan murfi da littafin mota. A cika mai daidai alama, a rubuta lambar kilomita, a duba geji duk mako a wuri mai daidai, don a san ainihin abin da take sha. In shan ya yi yawa ga inji tsoho mai doguwar tafiya da lodi, a hau mataki ɗaya zuwa 5W-30, wanda littattafan wasu ƙasashe suka yarda da shi, ba a yi tsalle zuwa 50 ba. Littafin Prius na Amurka ya ce juye a mil 10,000, amma ya rage zuwa 5,000, wato kilomita 8,000, ga mai bin hanyar ƙura, kuma wanda ya bi hanyar ƙauyukan Kebbe da hunturu ya san a wane sahu muke. A sayi mai a rufe daga wurin da aka amince da shi, a sake filtar iska a kan kari, a bar na'urar daidaita zafi a wurinta. In duk da haka shan yana ƙaruwa, aikin zobba ne, gara a tara kuɗinsa.

Ba na son yaran garejinmu su raina su Baffa. Mutanen nan sun riƙe hanyar Sakkwato zuwa Jega da sifana da kunne da yatsa, a lokacin da babu waya babu littafi. Amma iliminsu amsa ce ga injin da ke gabansu, kuma da Baffa ya ga inji ya sake, da ya sake tambaya. Yaron da zai gaji sana'ar nan a Dogon Daji dole ya iya karanta murfin mai da littafin mota, ya san ma'anar lambar da ke jikin galan, ya kuma iya gaya wa mai mota gaskiya ko da ta fi galan ɗin 20W-50 tsada. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini ɗansa koyon aiki yanzu, sharaɗina na farko shi ne kada a cire shi daga makaranta.