Irin da Aka Shuka a Kasuwar Kurmi

Ya kai mai karatu, in ka shiga birnin Kano ka ratsa Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, hayaniyar ciniki za ka ji. Amma ka ɗan dakata, gama ƙasar da kake takawa ta sha jinin wani bawan Allah.

A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, akwai wani masani a birnin, sunansa Malam Ibrahim. Bai taɓa ganin mai bishara ba, bai kuwa taɓa shiga majami'a ba. Cikin nazarin littattafansa ne zuciyarsa ta kamu da ƙaunar Annabi Isa, har ya soma koya wa almajiransa girmansa da zancen komowarsa. Aka sa wa jama'arsa suna Isawa.

Da maganar ta kai fada, aka nemi ya janye, ya ƙi. Bisa ga labarin da zuriyar almajiransa suka riƙe, tun kafin wannan rana ya gargaɗe su su bar birnin, su jira har Allah ya bayyana musu gaskiya sarai. Shi kuwa ya tsaya. Wajen shekara ta 1867 aka tsire shi a tsakiyar kasuwa.

Ga idon mutum, magana ta ƙare. Almajiran suka watsu, waɗansu har ƙasar Ningi, suna noma, suna jira. Sai a 1913, bayan shekara arba'in da ɗoriya, biyu daga cikin zuriyarsu suka iske Likita Miller a Zariya, suka ji labarin Yesu Almasihu. Jama'arsu suka taru a Gimi, aka yi wa da dama baftisma. Can ma gwaji bai ƙyale su ba: ciwon barci ya kashe mutane da yawa, garin ya watse. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa. Daga wannan tsatso ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ka lura, ɗan'uwa: Malam Ibrahim bai ga ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ya shuka, waɗansu suka girbe, kamar ƙwayar alkamar nan da Ubangiji ya ambata a Yohanna sura 12. Hasken da ya samu kaɗan ne, amma ya biya shi da ransa, ya kuma tsirar da na bayansa. Kai da Littafi Mai Tsarki yake hannunka cikin harshenka tun 1932, me ka sadaukar?

Kada wannan tarihi ya sa ka riƙe kowa a zuciya, gama Ubangijinmu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara. Ka yi wa maƙwabcinka alheri, ko wane ne shi, ko da ba za ka ga amfaninsa da idonka ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu ikon jimrewa. Amin.