Mu Zaga Illela a Ƙafa, Mu San Tarihinmu

Yau darasinmu na tarihi ne. Amma ba cikin aji za mu zauna ba. Za mu sa takalmi, mu ɗauki alƙalami da takarda, mu zaga garin Illela a ƙafa. Illela ta jahar Tawa nake nufi, ba takwararta ta Najeriya da ke kusa da Birnin Ƙonni ba.

Ni da ɗalibaina mun yi wannan zagaye da sanyin safiya. Mai mota hanya kaɗai yake gani. Mai tafiya a ƙafa yana tsayawa, ya yi gaisuwa, ya yi tambaya. Mun ya da zango wuri huɗu.

Zango na farko, ƙofar fadar Sarkin Adar. Na tambayi ɗalibaina: daga ina sarautar nan ta fito? Dukansu sun sha wucewa ta wurin, amma kaɗan ne suka sani. Ga amsa. A da, ƙasar Adar tana ƙarƙashin Sarkin Kabi. A shekara ta 1674, Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya zo da yaƙi ya ci Adar. Daga baya ya hau gadon ubansa a Agadas. A shekara ta 1721 aka tuɓe shi. Sai ya komo Adar ya kafa sarauta, ya zauna Birnin Adar. Bayan zamaninsa ne gidan sarauta ya dawo Illela. Ashe sarautar nan ta haura shekara 300. Wani masani ɗan Nijar, Jibo Hamani, ya rubuta tarihin Adar a shekara ta 1975, amma da Faransanci. Mu fa, wa zai rubuta mana da Hausa?

Zango na biyu, cikin unguwanni. Mun tsaya wurin maƙeri, mun tsaya wurin dattawan da ke zaune ƙofar masallaci. Kowane gida da asalinsa. Wasu sun ce kakanninsu na nan tun kafin Agabba. Wasu sun ce daga Abzin nasu suka gangaro. Wannan ya nuna mana Adar ba ta mutum ɗaya ba ce. Hausawa da Abzinawa da Fulani sun daɗe suna zaune tare, suna ciniki, suna auratayya. Wata ɗalibata ta so mu je wurin wata tsohuwa da ta san sunayen rijiyoyin dauri da waɗanda suka gina su. Muka tarar ta rasu da damina. Abin da ta sani ya tafi da ita. Ran nan mun koma gida jiki a sanyaye.

Zango na uku, ofisoshin gwamnati. Su ma tarihi ne. Turawan Faransa sun mallaki ƙasar nan, suka sa haraji da aikin dole. Nijar ta sami 'yancin kai ran 3 ga watan Agusta 1960. A shekara ta 1964 Illela ta zama babban garin gunduma cikin jahar Tawa.

Zango na huɗu, bayan gari, bisa faƙo. Nan muka ga ramukan tasa jere cikin gonaki. Tarihi ba na sarakuna kaɗai ba ne, manomi ma yana da nasa. Bayan farin 1984, ƙasa da yawa ta mutu, ko ciyawa ba ta fitowa. A shekara ta 1989 wasu manoman gundumar Illela suka je Yatenga, cikin ƙasar Burkina Faso, suka ga yadda ake rayar da faƙo. Ana gina ƙaramin rami da rani, a zuba taki. In ruwa ya sauka sai ya kwanta cikin ramin, a shuka gero ko dawa. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Faƙon da aka yasar ya koma gona.

To, jama'a, ku ma garinku yana da nasa. Mutanen Ƙonni, ku tambayi tsofaffi labarin watan Mayu 1899, lokacin da sojan Bule da Shanuwan suka ƙone birni suka kashe jama'a da yawa. Mutanen Galmi, Maratta na kusa da ku, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Mutanen Malbaza, wa ya tuna yadda gari yake kafin a gina masana'antar siminti?

Ga aikin wannan mako. Kowa ya je wurin tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Ku gaishe su da ladabi. Ku yi tambaya uku: wa ya kafa unguwarmu? Daga ina ya zo? Wa ya gina rijiyarmu? Ku rubuta amsa, ko da layi biyar ne, ku kawo wa malaminku. Kada ku ji kunyar rubutunku. Da babu gara ba daɗi. Kada ku bari sai gobe, don tsoho ba ya jiran kowa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.