Yadda ake horar da dokin tafiya a Karaye da Rogo

A Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu na masarautar Karaye tun 2024, doki kan ratsa burtali da fadama, ban da hawan sallah. Horonsa da ragama yake farawa: ana jan dukushi har ya saba da hannu, sannan a sa masa linzami. Sirdi kan biyo baya, babu mahayi, ana ɗaure majayi sannu a hankali. Akan fitar da shi bayan tsohon doki domin ya saba da ƙarar babur da tsallake rafi. Wanda aka hora da bulala kan yi tutsu, ya kayar da mahayinsa. Bayan tafiya ana duba kofato da gadon baya, a ba shi harawa, dusa da kanwa.