Yadda Fitila Ta Gaji Rana a Kiwon Murjani

A watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar cewa murjanin tekunan duniya ya faɗa annobar koɗewa karo na huɗu saboda ɗumamar ruwa. Tun daga nan aka fara kallon masu kiwonsa a tankin gilashi da idon mutunci, tsohuwar gardamarsu kuma ta sake tashi: wace fitila ce ta fi raya shi a tanki mai zurfi, halayid ta da ko LED ta yanzu? A nan Samaru Kataf mai kiwon kifi tarwada da karfasa ya sani, kududdufinsa bai taɓa neman ƙwan fitila ba. Duk da haka ina son ɗaliban makarantar aikin gona ta garin nan su san wannan tarihi, domin tushensa noma ne.

Mu jan murjani muka sani, na wuyan amare, wanda fatake a da suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum. Shi ba ruwansa da rana, a kogo da lungunan duwatsu masu duhu yake girma. Mai wuyar sha'anin ɗan'uwansa ne na tekunan ƙasashe masu zafi, ƙaramar dabba mai gina tsauni sukutum da ƙashinta.

A 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta fara ajiye murjanin gaɓar Ingila da rai a gidanta a Landan, a 1853 kuma gidan namun dajin birnin ya buɗe ɗakin nuna kifi na farko. Bayan haka an shafe fiye da shekara ɗari ana sa murjanin ƙasashen zafi a tanki yana fari yana mutuwa, har masu nuna kifi suka haƙura suka koma jera busasshen ƙashinsa don ado.

Abin da ya ɓace musu yana cikin naman dabbar. Tun 1881 Bajamushe Karl Brandt ya raɗa suna ga wasu ƙwayoyin gansakuka da ke zaune a jikin irin waɗannan halittu, amma aikin da suke yi ya daɗe yana raba kan masana. Maurice Yonge, wanda ya jagoranci ayarin bincike a babban tsaunin murjani na Ostireliya a 1928 zuwa 1929, ya tsaya a kan cewa murjani mafarauci ne, ƙananan halittun ruwa yake kamawa ya ci. Sai a 1958 Leonard Muscatine da Cadet Hand suka bi sawun sinadarin kabon a jikin wata 'yar'uwar murjani, suka ga abincin da gansakukar ta haɗa da haske yana wucewa cikin naman mai masaukinta. Shekara ɗaya bayan haka Thomas Goreau, yana aiki a Jamaika, ya auna ya nuna cewa murjani ya fi saurin gina ƙashi cikin haske nesa ba kusa ba. Ashe zamansu na mai gona ne da wanda aka ba aro: wannan ya ba da wuri da taki, wancan ya noma ya kawo kaso.

A ganina, waɗannan shekaru biyu ne suka buɗe ƙofar. Na san akwai masu ba 'yan Balin kambun, wato Peter Wilkens da abokansa, waɗanda a shekarun 1970 suka yaɗa na'urar kwashe datti da kumfa da ɗiga ruwan farar ƙasa a tanki. Suna da hujja, don in babu kalsiyam babu ƙashi, kuma a Balin ɗin ne Dietrich Stüber ya raya murjani mai rassa na Acropora har aka riƙa gutsura ana rabawa. Wasu kuma sun ce fitilar halayid ce kawai ta yi aikin. To amma halayid na haska filaye da masana'antu tun shekarun 1960, ba wanda ya rataya ta kan tanki sai da aka gane cewa hasken abinci ne. Kuma a 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya riga ya bayyana yadda yake raya murjani da hasken rana da duwatsun teku, ba tare da waɗancan na'urori ba.

Zurfi shi ne ya hana gardamar ƙarewa. Ruwa na fara haɗiye jan haske cikin 'yan mitoci, shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa, gansakukar kuwa ta iya cin moriyarsa. Da tanki ya wuce santimita 60, doguwar fitilar nan ta ofis sai haskenta ya watse kafin ya kai gindi. Halayid mai wat 250 ko 400 tana huda ruwan har ƙasa, sai dai tana dafa shi, alhali murjani ya fi son zafin digiri 25 zuwa 26. Dole a sayi injin sanyaya ruwa, a kuma sauya ƙwan kusan kowace shekara.

Shuɗiyar LED mai ƙarfi ta fito ne a 1993 daga hannun Shuji Nakamura a kamfanin Nichia na Japan, aikin da ya sa shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka sami kyautar Nobel a 2014. Masu halayid na kushe ta da cewa haskenta siriri ne, yana barin ƙarƙashin rassa cikin inuwa har wurin ya mutu. Gaskiya ne, maganinsa kuma shi ne a baza ƙwayayen a faɗin tankin, a auna hasken da ya isa gindi da ma'auni maimakon ido, domin yawansa ma na sa murjani ya kori gansakukarsa ya yi fari. Ni ina bayan LED. A ƙasar da ake dogara da sola da batir, fitilar da ke shan wuta tana kuma neman a sanyaya mata ruwa ba ta da makoma. Bayan haka ana iya rage LED a ƙara ta yadda ake so, abin da halayid ba ta yarda da shi cikin sauƙi. Da irin wannan iko Jamie Craggs na gidan tarihin Horniman a Landan ya kwaikwayi fitowar rana da faɗuwarta da zagayen wata, har murjani ya saki ƙwai a rufaffen tanki a 2013. A 2019 gidan kifin Florida ya bi hanyarsa ya hayayyafa wani murjanin Tekun Atlantika da cuta ta kusa ƙararwa a gaɓar jihar.