Kura Da Shan Bugu

'Yar uwa, kin taɓa jin sunan Burger Chef? Gidan abinci ne da aka buɗe a garin Indiyanafolis na Amurka a 1957, ana saida burodi mai nama a tsakiya. Zuwa 1973 rassansu sun haura 1,000. A shekarar suka fito da abincin yara haɗe da abin wasa. McDonald's ta yi irinsa a 1979, yau kuma da ita aka san shi. A 1982 aka saida kamfanin ga masu Hardee's, aka dinga sauke allon sunansa, na ƙarshe a 1996. Allah sarki! Ke mai sana'a, dabara ba ta riƙe kanta, sai an tsare ta.