Kiɗan Ƙaramin Rukuni

Kiɗan ƙaramin rukuni shi ne wanda makaɗa biyu zuwa tara ko goma suke yi, kowa da nasa zubin, ba madugu a gabansu yana kaɗa sanda. Turawa na ce masa "kiɗan ɗaki", don a zaurukan sarakuna da attajirai ya taso. Mutumin Tanda ko Gaya ba baƙon irin wannan zama ba ne: ya san mai goge a tsakiya, masu ƙwarya a gefe, ƙoren a kife, kowa idonsa na kan hannun mai goge. Sai dai na Turai a takarda ake rubuta shi, kuma zama ake yi shiru a saurara, ba rawa, ba kirari.

Joseph Haydn (1732–1809) na Austiriya ne ya daidaita rukunin mutum huɗu: ƙananan goguna biyu, matsakaici ɗaya, babba ɗaya. A ƙarni na 20 aka sassauta wannan ƙa'ida, wani lokaci ma dole ce ta sa. Olivier Messiaen, Bafaranshe, yana tsare a sansanin fursunonin yaƙi na Görlitz ya tsara kiɗa daidai da makaɗan da ya tarar: mai kilarinet, mai ƙaramin goge, mai babba, shi kuma a kan fiyano. Ranar 15 ga Janairun 1941 suka kaɗa shi, fursunoni da masu gadinsu na sauraro.

Tsirkiya ce ta shigar da Afirka cikin wannan kiɗa. Rukunin Kronos na Amurka, wanda aka kafa a 1973, ya fitar da faifan Pieces of Africa a 1992, aikin mutum bakwai 'yan Afirka. Akwai Foday Musa Suso, mai kaɗa kora daga Gambiya, da Obo Addy na Gana, da Hamza El Din ɗan Nubiya, wanda kiɗansa ke kwaikwayon juyin keken ban-ruwa. A 2009 Ballaké Sissoko, shi ma mai kora, da Vincent Ségal mai babban goge suka fitar da Chamber Music, wanda suka naɗa a situdiyon Salif Keita a Bamako. Shi ya fi kama da hira tsakanin aminai biyu.

A Nijar, mafi kusa shi ne Mamar Kassey, rukunin da Yacouba Moumouni mai sarewa da Abdallah Alhassane suka kafa a Yamai a 1995, suka haɗa molo da kalangu da ƙwarya da gita. Amma nasu da waƙa yake tafiya, kuma da ka ake koyonsa.